Cinikin Biri a Sama: Masarrafar «Sabon Zubi» da Aljihun Makaranta

A farkon watan Janairu na 2024, a babban bajekolin kayan lantarki da ake yi kowace shekara a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin AMD ya gabatar da jerin masarrafan kwamfutar tebur da ya raɗa wa suna Ryzen 8000G. Babbarsu, Ryzen 7 8700G, ta shiga kasuwa a ƙarshen watan a kan dala 329, wato kusan jika 200 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, tun kafin a ɗora kuɗin jigila da na duwan da ribar ɗan kasuwa. Abin da aka fi kururutawa a kanta shi ne ba ta bukatar katin hoto na dabam, domin sashen da ke zana abin da ido ke gani a allo yana haɗe a cikinta, kuma ya fi duk waɗanda suka gabace shi ƙarfi.

Da a ce labari irin wannan a Las Vegas yake tsayawa, da babu ruwan malamin makaranta da shi. To amma ba ya tsayawa a can. Yakan biyo fatake ta Dubai da Lome da Kano, ya sauka a cikin takardar farashin da ake miƙa wa daraktan makaranta ko ma'ajin ƙungiyar al'adu a ranar da aka samu ɗan tallafi don buɗe ɗakin kwamfuta. A cikin wannan takarda kalmomi biyu ne ke cin kuɗi. Ta farko ita ce «kati»: a ce kwamfutar da ba ta da katin hoto na dabam raguwa ce. Ta biyu ita ce «sabon zubi»: a ce duk masarrafar da lambarta ba ta kai ta bana ba ta zama tsohon yayi. Maganganun biyu suna karo da juna, amma baki ɗaya ke faɗinsu, kuma aljihu ɗaya suke yashewa. Gaskiyar da ke tsakaninsu mai sauƙi ce: haɗe sashen hoto a cikin masarrafa ci gaba ne na haƙiƙa, wanda makarantun ƙasar zafi da ƙarancin wuta suka fi kowa cin moriyarsa, lambar zubi kuwa ado ne na talla, wanda bai cancanci ko dala ɗaya daga asusun iyayen yara ba.

Mene ne ake sayarwa?

Masarrafa, wadda masu gyara ke kira furosesa, ita ce ɗan ƙaramin falle da ke gudanar da dukan lissafin kwamfuta. Ta farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, tana ɗauke da ƙananan makunnai na lantarki, wato taransista, guda 2,300. Fallen da ke cikin 8700G, wanda kamfanin TSMC ke ƙerawa a tsibirin Taiwan, yana ɗauke da kimanin miliyar 25, alhali faɗinsa bai wuce na farcen babban yatsa ba. Sai dai lissafi dabam, zane dabam. Allon kwamfuta na yau da kullum yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma dole a sabunta launin kowane ɗigo sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan aiki ne mai sauƙi amma mai tarin yawa, kamar shuka a babbar gona, inda hannu ɗari na yara ya fi hannu takwas na ƙarti amfani. Shi ya sa aka daɗe ana ware masa ma'aikaci na musamman, wato katin hoto, mai nasa falle, da tasa ma'ajiya, da nasa fanka, da nasa rabon wutar lantarki.

Tunanin haɗe ayyukan biyu ya girmi yawancin ɗaliban da za su zauna gaban waɗannan na'urori. A 2006 AMD ya sayi kamfanin ATI na Kanada, maƙerin katunan hoto, a kan dala miliyar 5.4, da wannan niyya. A 2010 Intel ya saka sashen hoto a cikin kwanso ɗaya da masarrafa, a 2011 kuma kamfanonin biyu suka fitar da masarrafan da lissafi da zane ke kan falle guda. Daga nan aka ci gaba da ingantawa: Ryzen 5 2400G a 2018, Ryzen 5 5600G a 2021, sannan 8700G mai cibiyoyin lissafi 8 da sashen hoto Radeon 780M. Duk waɗannan uku an tsara su a kan ma'aunin zafi na wat 65. Wannan lamba ta 65, wadda ba ta motsa ba cikin shekara shida alhali aiki yana ninkuwa, ita ce abin yabo a cikin labarin, kuma ita ce ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe ba.

Ƙaryar farko: wai sai da kati

Ɗan kasuwar da ke cusa katin hoto a cikin kowace kwamfutar makaranta yana da hujjarsa, kuma hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Kati ya fi haɗaɗɗen sashe ƙarfi, babu mai musun haka. Tambayar da ba ya so a yi ita ce: ƙarfin yin me, kuma da wace wuta? Katin GeForce RTX 4060, wanda ake lissafawa cikin masu tsimin wuta, yana jan wat 115 idan yana cikakken aiki. RTX 4090 na 2022 yana jan 450, RTX 5090 na 2025 kuma 575. A ɗauki aji mai kwamfuta 20. Idan kowace ta samu kati mai wat 115, an ƙara wa ɗakin nauyin da zai iya kai wat 2,300, wanda ya fi na masarrafan 20 gaba ɗaya. Gaskiya ne kati ba ya jan wannan adadi sa'ad da yaro ke buga wasiƙa kawai. Amma mai haɗa wayoyi, da mai auna farantan hasken rana, da mai zaɓen batir da injin wuta, dukansu da nauyi mafi girma suke lissafi. In kuwa an ce katin ba zai taɓa yin cikakken aiki ba, to an amsa da baki cewa an sayi abin da ba a bukata.

Wuta a ƙasar Nijar ba abin wasa ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gidansa. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da ake rabawa daga Najeriya take shigowa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024, kuma duk wanda ya riƙe makaranta ko ɗakin karatu a waɗannan watanni ya san darajar kowane wat. Tashar hasken rana ta Malbaza da ta Gorou Banda sun rage wani abu, amma ba su sauya ƙa'idar ba: na'urar da ke cin wuta kaɗan ita ce ke daɗewa a kunne idan wuta ta ɗauke, kuma darasin da aka fara da ita shi ne ake gamawa.

Bayan wuta akwai zafi da ƙura. Kowane wat da ya shiga kwamfuta zafi yake komawa, zafin nan kuma a cikin ɗakin yake zama, tare da yara talatin ko arba'in, a watan Afrilu ko Mayu da ma'auni ke haura 40 a inuwa. Katin hoto yana zuwa da fanka biyu ko uku, kowane fanka kuma ƙofa ce ta ƙurar hunturu. Ƙura ta toshe, zafi ya hau, na'ura ta rage gudu don kare kanta, daga bisani fanka ya tsaya. A Tawa ko Tasawa, samun fankan da ya dace da wani kati na musamman ya fi samun katin wuya. Kwamfutar da ke da haɗaɗɗen sashen hoto tana da abin lalacewa kaɗan, kuma mai gyaran unguwa yana iya buɗe ta, ya hure ta, ya mayar. Wanda bai ɗauki kaya ba, ba ya ɓarin kaya.

Ba a ce babu mai bukatar kati ba. Makarantar koyon zanen gine-gine da injuna, ko ɗakin tace finafinai da ke aiki dare da rana da hotuna masu nauyi, ko sashen jami'a da ke horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, duk suna da hujjar sayensa. Su saya guda ɗaya ko biyu, su san dalili. Amma ƙungiyar da ke son ɗaukar wasan kwaikwayo a bidiyo, ko adana muryoyin tsofaffin mawaƙa da maroƙa, ko shirya mujalla, ta sani cewa haɗaɗɗen sashen hoto yana ɗauke da ɓangare na musamman mai matse bidiyo da warware shi. Intel ya saka irinsa tun 2011. Aikin da aka ce sai da kati, masarrafar ta daɗe tana yin sa ita kaɗai ba tare da hayaniya ba.

Ƙarya ta biyu: wai sai ta bana

Idan mai saye ya tsallake ramin farko, sai ya tarar da na biyu a haƙe. A ce masa: tunda ka yarda da haɗaɗɗen sashe, to ɗauki mafi sabo. A nan ne ya kamata malamai, waɗanda aikinsu ne koyar da karatu, su karanta lamba kamar yadda suke karanta jimla. Lambar 8000 ta fi 7000 girma, kowane ɗan aji biyu ya san haka. Amma tsarin cibiyoyin lissafin da ke cikin 8700G, mai suna Zen 4, shi ne dai na jerin 7000 da ya fito a watan Satumba na 2022. Sashen hoton Radeon 780M kuwa ya riga ya bayyana a kwamfutocin tafi-da-gidanka tun 2023. Abin da aka yi shi ne an ɗauko fallen kwamfutar hannu, an ɗora shi a mazaunin kwamfutar tebur, an ba shi sabuwar lamba. Dabara ce mai kyau ta aikin injiniya, amma haihuwar sabon zubi ba ta faru ba. Intel ma bai tsira daga wannan hali ba: zubinsa na 14 na 2023 kusan na 13 ne aka ɗan ƙara wa gudu, kuma a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu masarrafan tebur na waɗannan zubi biyu suna da matsalar da ke lalata su, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Sabo bai hana aibi ba.

Sannan masarrafa ba ta tafiya ita kaɗai. 8700G ba ta zama sai a mazauni mai suna AM5, wanda ke bukatar sabuwar uwar kati, ita kuma ba ta karɓar kowace ma'ajiyar wucin gadi sai irin DDR5. Wanda ya sayi amarya ya sayi lefe. Kuma a ƙarshen 2025 farashin wannan ma'ajiya ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa. Abin mamaki shi ne, a wannan wata na Janairu 2024 da aka yi bikin 8000G, AMD ɗin ya fitar da wasu masarrafai biyu ba tare da ganga ba, 5600GT a kan dala 140 da 5500GT a kan dala 125, dukansu masu haɗaɗɗen sashen hoto, dukansu na tsohon mazaunin AM4 wanda ke aiki tun 2016. Kamfanin da kansa ya shaida cewa tsohon mazauni bai mutu ba. Mai tallan da ke cewa ya mutu ya fi mai kora shafawa.

Ko a cikin jerin 8000G ɗin akwai ƙanana: 8600G a kan dala 229, da 8500G a kan dala 179. Bambancin da ke tsakanin babba da ƙaramar dala 150 ne. A kwamfuta 20 ya zama dala 3,000, wato kusan sefa miliyan 1 da jika 800 a canjin lokacin. Wannan kuɗi ya isa a yi maganar farantan hasken rana, ko injin buga takardu da tawadarsa, ko horon malamai na makonni. Me makaranta za ta samu in ta biya shi ga masarrafa? Ikon buga wasannin bidiyo na zamani a matsakaicin kyau. Su kansu masu gwajin kayan kwamfuta sun nuna tun a lokacin cewa mai son wasa zai fi samun biyan bukata idan ya haɗa masarrafa mai araha da ƙaramin kati a kan kusan wannan kuɗi. Ke nan babbar ta yi wa ɗan wasa kaɗan, ta yi wa makaranta yawa. Tana da masu ita, wato masu son ƙaramin akwati marar ƙara mai ɗan ƙarfi, amma ajin koyon rubutu da lissafi ba ya cikinsu.

Babu inda tallar ta fi tona asirin kanta kamar a batun ƙirƙirarriyar basira. An yi shelar 8700G da 8600G a matsayin masarrafan tebur na farko masu ɓangare na musamman don wannan aiki, mai iya lissafi tiriliyan 16 a daƙiƙa. A watan Mayu na 2024, wata huɗu kacal bayan haka, kamfanin Microsoft ya sanar da rukunin kwamfutocin da ya kira Copilot+, ya ce sai mai tiriliyan 40 zai shiga. Masarrafan tebur na Intel Core Ultra 200S da suka fito a watan Oktoba na wannan shekara, nasu ɓangaren 13 yake yi. Wanda ya biya kuɗi a Janairu don ya shiga gaba, kafin damina ya tarar an matsar da layin. Haka kasuwar take: ana sayar da gobe, goben kuma tana hannun mai sayarwa. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ƙananan tarkuna biyu

Akwai harafi guda da ya isa ya mayar da ɗakin kwamfuta ɗakin duhu. A wajen Intel, masarrafar da lambarta ta ƙare da F ba ta da sashen hoto mai aiki. A wajen AMD ma haka ne ga irin su 8700F da 8400F da 7500F, kuma a tsohon jeri Ryzen 5 5600 ba ta da shi alhali 5600G tana da shi. Masarrafa mai F ta fi araha da kaɗan, saboda haka tana da daɗin sakawa a takardar farashi. Idan kaya sun iso aka kunna, allo ya ƙi nuna komai, sai a dawo a ce ai dole a sayi kati. Kwamitin da bai san wannan harafi ba zai biya sau biyu, ya kuma yi godiya.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa. Haɗaɗɗen sashen hoto ba shi da ma'ajiyar kansa, daga ta kwamfutar yake ɗiba. Hanyar da ke tsakanin masarrafa da ma'ajiya kuwa layi biyu ce. In an saka sanda biyu na ma'ajiya, layukan biyu suna aiki. In an saka sanda ɗaya, ko da girmanta ya kai na biyun a haɗe, rabin hanyar a rufe take. Da DDR5 mai gudun 5200, sanda biyu suna wuce da kimanin gigabait 83 a daƙiƙa, sanda ɗaya kuma kimanin 42. Mai haɗa kwamfuta da ya saka sanda ɗaya mai gigabait 16 a maimakon biyu masu 8 bai yi ƙarya a takarda ba, amma ya ɗaure wa doki ƙafa ɗaya. Daga baya kuma shi ne zai nuna na'urar ya ce: ga shi nan, haɗaɗɗen sashe ba ya ja.

Wa ke yanke wa na'ura ranar mutuwa?

Mai kare sabon zubi yana da sauran kibiya ɗaya, kuma ita ce mafi kaifi. Zai ce: a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin masarrafai. Wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a yi la'akari da shi. Sai dai iyakar da aka shata ba ta kusa da bana. A wajen Intel daga zubi na 8 ne, na 2017, zuwa sama. A wajen AMD, 5600G ta 2021 tana ciki da tazara mai yawa. Abin lura kawai shi ne 2200G da 2400G na 2018 ba sa cikin jerin da aka amince da shi, domin duk da lambarsu ta 2000, tsarinsu na zubin farko ne. Nan ma lamba ta yaudari wanda ya dogara da ita.

Kuma hukuncin kamfani ɗaya ba shi ne ajalin na'ura ba. Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi tana iya ɗaukar babbar manhajar Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, kyauta kuma bisa halal. LibreOffice na rubutu da lissafi, Scribus na shirya mujalla, Audacity na tace murya, Kiwix na karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, dukansu suna tafiya a kan na'urar da ta shekara takwas. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk makarantar da ta jefar da na'ura mai lafiya don lamba ta sauya ta ƙara wa wannan juji.

Wannan ba kira ba ne a rungumi kowace gawa da aka sauke daga kwantena da sunan kyauta. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 an ƙulla ta ne don hana mayar da Afirka bolar shara mai guba, kuma kwamfutar da ta shekara goma sha biyar, mai cin wuta kamar dutsen guga, shara ce ko da an naɗe ta da takardar alheri. Bautar sabo da karɓar kowane tsoho duk ciwo ɗaya ne: barin wani ya yanke hukunci a madadin mai amfani. Tsakanin gawa da amarya akwai fili mai faɗi, na na'urorin da suka shekara uku zuwa bakwai, da sababbi masu matsakaicin daraja, kuma a wannan fili ne makaranta ya kamata ta yi kiwo.

Abin da ɗakin yake bukata

A tambayi kowane malamin Hausa abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya a gaban kwamfuta. Ba zai ce jinkirin zane ba. Zai ce ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. An daidaita ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa tun 1999, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu ana buga jarrabawa da sanarwa da rubutattun waƙoƙi babu ƙugiya, mai karatu ya yi ta canke tsakanin kafa da ƙafa, da tsakanin dauri da ɗauri. Maganin wannan ba ya cikin masarrafa ko ta wane zubi. Yana cikin tsarin allon bugu irin wanda manhajar Keyman ke bayarwa, da nau'o'in baƙaƙe irin su Charis da Andika na cibiyar SIL, waɗanda duk kyauta ne, da kuma yini biyu na horo. Ɗakin da aka kashe wa miliyoyi amma ba a iya rubuta sunan Maraɗi daidai a cikinsa, kwalliyarsa ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Laifin bai tsaya ga ɗan kasuwa ba, domin shi riba ya fito nema kuma bai ɓoye ba. Babban kaso yana kan masu rubuta sharuɗɗan kwangila da ke kwafo kalmar «zubi na ƙarshe» ba tare da sun faɗi aikin da za a yi ba. Da masu ba da tallafi da suka fi son hoton ranar buɗewa a kan rahoton shekara ta uku. Da shugabannin makarantu da ke jin kunyar tambaya, kada a ce ba su waye ba. Akwai kuma kason malamai da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda sukan ja da baya su ce wannan fagen masana ne. Ba haka ba ne. Mutumin da ke iya gyara takardun ɗalibai ɗari, ya gane wanda ya fahimta da wanda ya yi satar amsa, ba zai kasa gane takardar farashin da aka cika da ado ba.

Tambayoyin da za a yi ba su da yawa, kuma ba sa bukatar digiri. Wane aiki ne wannan na'ura za ta yi wanda mai rabin kuɗinta ba za ta iya ba? Wat nawa ɗakin zai ja idan an kunna duka, kuma minti nawa batir zai riƙe shi? Masarrafar tana da haɗaɗɗen sashen hoto, ko lambarta ta ƙare da F? Sanda nawa na ma'ajiya aka saka? Idan wani abu ya lalace, a wane gari ake samun madadinsa, kuma wa zai saka? Nawa aka ware wa horo da gyara a shekara uku masu zuwa? Duk mai kawo kaya da ya amsa waɗannan a rubuce, ya sa hannu, abokin ciniki ne. Wanda ya amsa da cewa ai wannan ita ce ta bana, a gode masa, a nemi wani.

Injiniyoyin da suka matse aikin kati guda a cikin fallen da bai wuce farce ba, suka kuma riƙe shi a wat 65, sun yi wa ƙasashe irin Nijar hidima ko da ba su da niyya. Sashen tallan kamfanoninsu ne ke ƙoƙarin karɓe da hagu abin da aka bayar da dama. Tun bayan 8000G wasu lambobin sun fito, wasu kuma suna tafe, kowace da gangarta. Makarantar da ta san aikinta, ta san wutarta, ta san baƙaƙenta, ba ta da dalilin tashi rawa duk lokacin da aka buga. Kuɗin da ke hannunta na iyayen da suka sayar da gero da wake ne, kuma su ne za a yi wa bayani.